Yadda Magabata Suka Nemo Masu Karatunsu

Kukan da aka fi yi a tsakaninmu shi ne mun yi rubutu amma ba mai karantawa. Magabata ma sun fuskanci wannan matsala, kuma akwai darasi a yadda suka ɓullo mata.

A watan Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam ne editanta. Masu karatun boko a lokacin ƙalilan ne, don haka aka sa kuɗinta kwabo ɗaya, aka rubuta ta da Hausa mai sauƙi wadda mutum ɗaya zai karanta a dandali jama'a su saurara. An kuma buɗe filin wasiƙu, mutumin ƙauye ya ga sunansa da na garinsu a jarida. A 1941 aka ƙara 'Yar Gaskiya da ajami saboda malamai da almajirai, maimakon a jira sai sun koyi boko.

Da aka shiga Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA da aka kafa a 1954 ta gane cewa kowa ya fi son labarin gidansu. Sai ta fitar da jaridun larduna: Zaruma a Sakkwato, Himma a Katsina, Sodangi a Kano. A wancan zamani masarautarmu ta Gumel, har da Gagarawa, tana cikin Lardin Kano ne, Sodangi ce tamu ke nan. Amma NORLA hukuma ce, da tallafin gwamnati take tafiya, kuma a 1959 aka rufe ta.

Marubutan Kano na shekarun 1980 da 1990 ba su jira hukuma ba. Su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, sun san su wa suke wa rubutu: matasa da matan aure da ke cikin gida. Sai suka ɗauko abin da ke damun waɗannan mutane, wato auren dole da kishi da soyayya. Littattafan ƙanana ne masu araha, ana samunsu a kasuwa da shagunan haya, ana kuma karanta su a rediyo. Ƙungiyarsu ta Raina Kama tana jera sunayen littattafan 'ya'yanta a cikin littafin kowa, wanda ya sayi ɗaya ya san sauran. Masana sun raina aikin, har aka laƙaba masa Adabin Kasuwar Kano, amma masu karatu suka rungume shi.

Abin lura shi ne duk cikinsu babu wanda ya ce kowa da kowa yake wa rubutu. Kowanne ya fara tantance mutanensa, sannan ya kai musu rubutun har inda suke, a farashin da za su iya biya.

Mu da ke Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari, kafin mu zargi jama'a da ƙin karatu, mu tambayi kanmu wa muke wa rubutu. Idan manomin riɗi ne ko ɗan tireda a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, labarin attajiran Abuja ba lallai ya tsayar da shi ba, kuma wataƙila ya fi son a karanta masa ya saurara a waya.

Kowa ya faɗa mana a ƙasa: wane ne mai karatunka, kuma a ina yake wuni? Allah Ya ƙara basira.