Kasuwar Haruffa Biyu

A 1985 aka fara raba wa ƙasashe haruffa biyun da ke zuwa ƙarshen adireshin intanet. Jon Postel, mai kula da rajistar a lokacin, bai so ya zama alƙalin wace ce ƙasa, sai ya ɗauko jerin lambobin ƙasashe na ISO 3166 ya bi shi yadda yake. Najeriya ta samu .ng, Nijar .ne, tsibiran Tuvalu .tv. Babu wanda ya yi rabon da ciniki a zuciyarsa, amma daga wannan rabon aka samu kasuwar da yau ake sayen suna a ajiye, a jira ya yi tsada a sayar. Ra'ayina shi ne masu wannan sana'a na lissafin riba suna mance wa ke da ƙasar.

Tuvalu na cikin waɗanda suka fara nuna hanya. Ƙasa ce mai mutum wajen dubu 11, haruffanta suka dace da talabijin, aka ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 50 na shekara 12 da wani kamfanin Amurka. Kuɗin ya taimaka mata ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya a 2000. Kolombiya ta buɗe .co ga kowa a 2010, kamfanin Overstock ya biya dala 350,000 kan o.co kaɗai. Sai Anguila, yankin Birtaniya a Karibiyan: tunda ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 aka yi ca a kan .ai nata, wanda ya dace da AI, har ta tara kusan dala miliyan 32 a 2023, wajen kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin shigar gwamnatinta. Ba ƙwazon waɗannan ƙasashe ba ne ya ba haruffan daraja. Dace ne da yayi, shi kuwa yayi yana wucewa.

Mai sayen irin wannan suna shuka yake a gonar aro. Rajistar shekara-shekara yake sabuntawa, doka kuma ta mai ƙasa ce. A 2010 hukumar Libiya ta ƙwace vb.ly bisa hujjar cewa abin da ke shafin ya saɓa ƙa'idarta. A shekarar ce aka rufe .yu, bayan Yugoslabiya ta wargaje. Da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, dubban mazaunanta suka rasa haƙƙin riƙe .eu.

Za a ce ai .su na Tarayyar Sobiyet na nan da ransa shekaru bayan rugujewarta a 1991, kuma inda kuɗi ya taru ba a rasa mai kare shi. Gaskiya ne, kuma akwai waɗanda suka sayi suna da araha suka sayar da riba mai kauri. Sai dai abin da ya tsirar da .su jayayya ce da jinkiri, ba wata takardar mallaka a hannun masu sunaye ba. Hujjata ma ta fi nauyi a kan .io, wanda kamfanonin fasaha suka runguma. Na yankin Birtaniya ne a Tekun Indiya, wato tsibiran Chagos, inda aka kwashe mutanen wurin da ƙarfi tsakanin 1968 da 1973 don gina sansanin soja a Diego Garcia. Su ba su ga kuɗin haruffan ba. A Oktoban 2024 Birtaniya ta amince ta miƙa tsibiran ga Morishas, kuma idan aka cire yankin daga jerin ISO, ƙa'idar ICANN, hukumar da ke kula da sunayen intanet, ita ce a janye haruffan cikin shekara biyar, ko goma in an ƙara wa'adi.