Suwastika, Hitila da Maiduguri: a karanta kafin a ɗora hoton a waya

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, don Allah a daure a kai ƙarshe kafin a fara martani.

Duk lokacin da yaƙi ya tsananta a Gaza, sai ka ga hoton Hitila da alamar nan tasa sun fara yawo a wayoyin ɗalibai, wani har da kirari yake haɗa masa. A gefe guda kuma, wanda ya je Indiya karatu ko jinya sai ya dawo da mamaki: ya ga alamar a ƙofar gida, a goshin mota, a katin biki, har yana tambaya wai ko Indiyawa mutanen Hitila ne. Dukansu biyun tarihin alamar ne ya wuce su. Kuma tarihin nan ya ratsa ta Maiduguri fiye da yadda muke zato.

Mu fara da asali. Sunan alamar suwastika, kalma ce ta Sanskirit, tsohon harshen littattafan addinin Hindu, kuma ma'anarta tana komawa ga alheri da zaman lafiya. Siffarta kamar alamar tarawa ce ta lissafi, sai dai an lanƙwasa bakin kowane hannu. Mabiya Hindu da Buda da Jain sun shafe dubban shekaru suna amfani da ita. Bahindu yakan zana ta a bakin ƙofa lokacin bikin Diwali, ɗan kasuwa ya zana ta a shafin farko na sabon littafin lissafinsa, wanda ya sayi mota ya sa a shafa masa ita da jan gari. Mu da muka tashi da finafinan Indiya mun sha ganinta, ba mu dai lura ba ne. A Japan suna kiranta manji, da ita ake nuna wurin ibadar mabiya Buda a taswira. Ko a nan Afirka ta Yamma, akwai ta a jikin wasu ma'aunan tagulla da Asantawan Gana ke auna zinariya da su.

To yaya aka yi ta faɗa hannun Hitila? A ƙarni na 19 masanan Turai sun tabbatar cewa Sanskirit da yawancin harsunan Turai dangi ne. Wannan gaskiya ce ta ilimin harshe. Amma sai masu aƙidar fifita jinsi suka ɗauko kalmar "Arya" daga tsofaffin littattafan Indiya da Farisa, suka ƙaga labarin wani jinsi fari mai daraja wanda wai Jamusawa ne tsantsar jikokinsa. Da Heinrich Schliemann ya haƙo tsohon birnin Troy a ƙasar Turkiyya ta yau a shekarun 1870, ya tarar da alamar a jikin kayayyaki da yawa, sai masu wannan aƙida suka ce ga tambarin kakanninsu. Jam'iyyar Nazi ta ɗauke ta a 1920: baƙa, yawanci a karkace, cikin farin da'ira a kan jan ƙyalle. Su da kansu Hakenkreuz suke ce mata, wato gicciye mai ƙugiya. Ranar 15 ga Satumba 1935 ta zama tutar ƙasar Jamus, a rana ɗaya da dokokin Nuremberg da suka ƙwace wa Yahudawa cikakken haƙƙin ɗan ƙasa suka kuma haramta aure tsakaninsu da sauran Jamusawa.

Abin da ya biyo baya ba ƙarami ba ne. A daren 9 zuwa 10 ga Nuwamba 1938 an ƙona wuraren ibadar Yahudawa an farfasa shagunansu a faɗin Jamus da Ostiriya. Kafin yaƙi ya ƙare a 1945 an kashe Yahudawa kimanin miliyan 6, maza da mata da jarirai, wasu da harbi, wasu da yunwa, wasu da iskar guba. A sansanin Auschwitz kaɗai an hallaka mutum wajen miliyan 1.1. An kuma kashe dubban ɗaruruwan mutanen Roma, da naƙasassu da masu taɓin hankali. Lura fa, lokacin babu ƙasar Isra'ila, sai 1948 aka kafa ta. Waɗanda aka kashe teloli ne da likitoci da 'yan makaranta, laifinsu kawai gidan da aka haife su.

Ga mai yi wa Hitila kirari, ya kamata ya san matsayinsa shi kansa a wannan lissafin. A aƙidar Nazi baƙar fata yana can ƙasan jeri. An faɗaɗa dokokin 1935 suka haɗa da baƙaƙe. A 1937 an kama ɗaruruwan yaran yankin Rhineland waɗanda sojojin Faransa 'yan Afirka suka haifa da matan Jamus, aka yi musu aikin da ya hana su haihuwa har abada. A watan Yunin 1940, da Jamus ta ci Faransa, a wurare irin su Chasselay kusa da Lyon an ware sojojin Afirka ta Yamma da suka miƙa wuya daga cikin fararen abokansu aka bindige su. Da yawa daga cikin irin waɗannan sojoji Musulmi ne. Wallahi da ni da kai muka faɗa hannunsu a wannan rana, layin da za a tura mu ke nan.

Yanzu mu dawo gida. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Dikwa da Bama da Gwoza suna cikin Kamaru ta Jamus ne. Bayan an ci Jamus aka damƙa wa Ingila riƙonsu. Gwamnatin Hitila ta yi ta neman a mayar mata da ƙasashen da ta rasa, har a 1938 jita-jita ta cika Nijeriya cewa za a miƙa ƙasar ga Jamus. A cikin wannan yanayi aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta na Hausa, kuma ta cikinta mutanenmu da yawa suka bi labarin abin da suke kira Yaƙin Hitila. Ɗan Bama ko ɗan Gwoza da ke cikinmu, ƙasar kakansa tana cikin abin da Jamus ke cewa nata ne.

Da Italiya ta shiga yaƙi a Yunin 1940, hanyar Bahar Rum ta zama mai haɗari ga Ingila. Sai aka fito da dabara: a kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana, a harhaɗa su a can, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, su ratsa Cadi da Darfur zuwa Khartum, sannan Masar. Ayarin farko ya tashi a Satumbar 1940, zamanin Shehu Umar Sanda Kyarimi. Kafin ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 sun bi wannan hanya, kuma filin jirgin Maiduguri na cikin zangunan da ake sauka a sha mai. Abin da ya sa hanyar ta yiwu shi ne gwamnan Cadi, Félix Éboué, baƙar fata ɗan Guyana ta Faransa, ya juya wa gwamnatin Vichy mai bin Jamus baya ranar 26 ga Agusta 1940. Jamusawa sun san muhimmancin hanyar. Ranar 21 ga Janairu 1942 wani jirginsu ya tsallako Sahara daga Libiya ya jefa bama-bamai a Fort Lamy, wato Njamena ta yau, ya ƙona man jirage mai yawa. Tsakaninmu da wurin bai kai kilomita 300 ba. Kwana ɗaya kafin nan, 20 ga Janairu, manyan jami'an Nazi suka zauna a Wannsee kusa da Berlin suna tsara yadda za a ƙarar da Yahudawan Turai.

Kakanninmu kuma ba 'yan kallo ba ne. Sojojin Nijeriya, waɗanda akasarinsu 'yan Arewa ne kuma Hausa ce harshen bariki, suna cikin waɗanda suka ƙwace Mogadishu daga Italiya a Fabrairun 1941. Daga 1943 aka kwashe runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma zuwa Indiya, daga can suka shiga dazukan Burma, wadda tsofaffi ke kira Bama (ba tamu ta Borno ba), suka yaƙi Japan, ƙawar Jamus. Gaskiya ne a ƙarƙashin mulkin mallaka suka yi, kuma Bature bai saka musu yadda ya kamata ba. Duk da haka jininsu ya zuba wajen kayar da wannan tuta da ƙawayenta.

Su kansu Yahudawa ba baƙi ba ne a tarihin hanyoyinmu na fatauci. Wani ɗan kasuwar Genoa, Antonio Malfante, ya rubuto daga Tuwat a Saharar Aljeriya a 1447 cewa ya tarar da Yahudawa da yawa suna zaune lafiya suna kasuwanci. Wajen 1492 Shehu Al-Maghili, wanda muka sani da zuwansa Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya jagoranci rushe wurin ibadarsu a can, amma alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya saɓa masa, kuma malaman Magrib sun rabu a kan mas'alar. A ƙarni na 19 gidajen kasuwancin Yahudawan Tarabulus suna cikin masu zuba jari a ayarin da ke ɗauko fata da gashin jimina daga Kano da Borno. Daga baya Saul Raccah, Bayahude daga Tarabulus, ya zauna a Kano ya zama babban mai fitar da gyaɗa har yana goga kafaɗa da kamfanin UAC. Yahudawan Libiyan nan ma yaƙin bai bar su ba: a 1942 Italiya ta tsare kimanin 2,600 a sansanin Giado, fiye da 500 suka mutu da yunwa da cuta.

'Yan sashen harsuna da tarihi, ku duba jerin littattafanku. S. F. Nadel, Bayahude da ya tashi a Vienna, shi ya zauna a ƙasar Nufe tsakanin 1934 da 1936 ya rubuta A Black Byzantium. Joseph Greenberg, Bayahude ɗan New York, ya yi bincike cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939. Shi ne daga baya ya tsara rabon harsunan Afirka da ake koya mana: Hausa da Bura da Margi a reshen Cadi, Kanuri a dangin Nilo-Sahara. A wannan tsari Hausa da Larabci da Ibrananci, harshen Yahudawa, babban gida ɗaya suka fito.

Ga kuma wani abu da zai nuna maka yadda alama ke sauya ma'ana. Tambayi kakarka yadda tsohon kwabo da anini masu huji suke. Tauraro mai kusurwa shida ne a jikinsu, irin wanda ke kan tutar Isra'ila yau. Shi ne kuma a tutar Nijeriya ta mulkin mallaka daga 1914 zuwa 1960, kore a cikin jan da'ira. Ana kiransa hatimin Annabi Sulaimanu, yana kan tsofaffin kuɗin Maroko, kuma malamai sun daɗe da saninsa. Ba wanda zai ce kakarka 'yar Isra'ila ce don ta ƙulla anini a bakin zane. To haka Bahindun da ya zana suwastika a ƙofarsa.

Su ma masu abin sun zauna sun fahimci juna. A 2007 Jamus ta so a haramta alamar a duk Tarayyar Turai, mabiya Hindu suka yi ƙorafi, aka janye. A 2008 shugabannin addinin Hindu da na Yahudawa suka haɗu a Ƙudus suka amince a rubuce cewa tsohuwar alama ce mai tsarki ga Hindu wadda Nazi suka ɓata. Jihar Victoria a Ostireliya da ta haramta tambarin Nazi a 2022 ta keɓe amfanin Hindu da Buda da Jain. Karkata ko miƙewar zanen ba ya wadatarwa wajen bambancewa, sai ka dubi wurin da aka sa shi da wanda ya sa.

Saura shawara ga masu neman tallafin karatu waje. A Jamus nuna tambarin Nazi a bainar jama'a laifi ne da zai iya kai mutum ɗaurin shekara uku, in ba don koyarwa ko bincike ko makamancinsu ba, kuma abin da ka wallafa a intanet yana ciki. Abin da ka ɗora yau kana aji biyu yana nan yana jiranka ranar neman biza. In kuma Indiya ka nufa, kada ka je kana zargin mai gidan hayarka da abin da bai sani ba.

Jin zafin abin da ake yi wa Falasɗinawa hakki ne, kuma akwai Yahudawa da yawa a Amurka da Ingila da cikin Isra'ila kanta da ke fitowa zanga-zanga a kan haka. Mai son ya yi magana ya kama sunan gwamnati da sojoji da abin da suka aikata, ya kawo hujja. Da zarar ka ɗora hoton Hitila, ka ba abokin gardamarka damar ya bar maganar Gaza ya koma kanka. Mu 'yan Borno mun san ciwon a yi wa al'umma guda kuɗin goro saboda aikin wasu tsiraru, mun ji shi a shingayen bincike da tashoshin mota a garuruwan wasu.

Wanda kakansa ya je Burma, ko ya yi aiki a filin jirgi lokacin yaƙin, ya zauna da dattawan gida wannan hutun ya naɗi abin da suka riƙe a waya tun suna raye. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya ba mu sa'ar jarrabawa.