Sunan Kufai Ba Shaidar Magini Ba Ne: Daga Gozo Zuwa Dendi

A tsibirin Gozo na ƙasar Malta, cikin tekun Bahar Rum, akwai ɗakunan bauta na manyan duwatsu waɗanda aka fara ginawa wajen shekara ta 3600 kafin haihuwar Annabi Isa, wato sun girmi dalolin Masar. Mazauna tsibirin suna kiran wurin Ġgantija, daga kalmar ġgant, ma'ana ƙato. Sai dai harshen Malta daga Larabci ya tsiro, Larabawa kuwa ba su ci tsibirin ba sai a 870. Ke nan sunan yana gaya mana mamakin waɗanda suka tarar da ginin ne, ba harshen maginansa ba.

Mu ma haka muke yi. In Bahaushe ya ga aikin da ya fi ƙarfin mutanen yau, sai ya jingina shi ga Samudawa, kalmar da muka aro daga sunan mutanen Annabi Salihu. Tuddan Durbi Takusheyi na kusa da Mani a ƙasar Katsina, waɗanda Palmer ya fara tonawa a 1907, sunansu bai wuce sarautar Durbi da jam'in kushewa ba. Ya dai tabbatar da cewa kaburbura ne. Sauran bayani sai da aka nemo shi cikin ƙasa.

A ganinmu matsalar ta fi tsanani a Dendi. A yankin Gaya, har da Tanda, Kyangawa sun riga Dendawa zama, harshensu kuma na dangin Mande ne, amma yawancin jikokinsu sun koma Dendanci ko Hausa. Ɗalibin da ya rubuta sunan wani kufai daga bakin tsoho, ya fassara shi da Hausa, yana iya gina tarihi a kan suna na biyu ko na uku bai sani ba. Muna yawan ganin wannan kuskure a kundayen digiri, kuma wani sashe na laifin namu ne, mu malamai.

Inda suna ya gaza, tono ne ke magana, shi ma in ba a riga masana ba. Maƙabartar Bura ta yankin Tera, wadda aka gano a 1975, Boube Gado ya tone ta a 1983, ya fito da ɗaruruwan tulunan binne gawa. Bayan an baje kolinsu a Faransa a 1993, masu fataucin kayan tarihi suka afka wa yankin. Bura ɗin ma sunan ƙauyen da ke kusa ne kawai.