Daga LaunchBar Zuwa Wayarka: Tarihin Akwatin Bincike

Jama'a, ɗan akwatin nan da kuke rubuta "Wh" a waya sai WhatsApp ya fito, ya girmi Android nesa ba kusa ba.

Tun 1996 kamfanin Objective Development na ƙasar Ostiriya ya fitar da LaunchBar don kwamfutocin NeXT. Dabarar ita ce ka danna maɓalli, ka rubuta haruffa biyu ko uku, manhaja ta buɗe ba ka taɓa maus ba. A 2003 Nicholas Jitkoff ya kawo Quicksilver. Apple ta saka Spotlight cikin Mac a 2005, ta kai shi iPhone a 2009. Microsoft kuma ta sa bincike a Start na Windows Vista a 2007, sannan PowerToys Run ya zo a 2020.

To, mai shagon kwamfuta a Musawa ko Malumfashi, ga janareta na ci, ga layin masu buga takardu: daina laluben folda. Danna maɓallin Windows, rubuta sunan fayil, danna Enter. A Mac kuwa, Command da Space. Duk mintin da ka rage, fetur ne ka ajiye a tanki.