Kuskuren Kwafi da Agogon Canji: Tarihin Fahimtar Sauyawar Birus Masu ARN

1. Gabatarwa

A wannan maƙala za mu bi tarihin wata tambaya da masu ilimin halittu suka daɗe suna yi, wato: mene ne ke sa wani birus ya sauya da sauri, wani kuma a hankali? Tambayar ta shafe mu, masu nazarin harshe, domin mun yi irinta kafin su.

2. Zaton cewa agogo ɗaya ne

A shekarun 1950 Morris Swadesh ya ɗauka cewa kowane harshe yana zubar da kimanin kalmomi 14 cikin 100 na asali a shekara 1000. A 1962 Bergsland da Vogt suka nuna cewa harshen Aisland bai bi wannan ƙa'ida ba. A shekarar nan ce kuma Zuckerkandl da Pauling suka kawo ra'ayin agogon ƙwayoyin gado, wanda shi ma ya dogara ga daidaiton sauri.

3. Gano kuskuren kwafi

Birus mai ARN, kamar na mura, ƙyanda da Sida, yana kwafar kansa ba tare da mai duba masa kuskure ba, tamkar mai juyar littafin ajami da ba ya bita. A 1971 Manfred Eigen ya nuna cewa in kuskure ya wuce wani haddi, saƙon gado yakan watse. A 1978, a Zurik, Domingo da Weissmann suka gano cewa abin da ake ɗauka birus guda ne, taron ire-ire ne masu ɗan bambanci. Ƙiyasin da Sanjuán da abokansa suka tattara a 2010 ya ba da kuskure 1 cikin haruffa dubu 10 zuwa miliyan 1 a kowane kamun ƙwayar jiki. Masu ADN ba su kai haka ba. Dangin korona kuwa suna da mai gyara, shi ya ba su damar riƙe haruffa kusan dubu 30.

4. Salon kamu da hanyar yaɗuwa

Sai dai yawan kuskure daban, saurin sauyawa a shekara daban. A 2002 Jenkins, Holmes da abokansu suka lura cewa birus da ƙwari ke ɗauka sun fi jinkiri. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne dole su dace da jikin ƙwaro da na dabba baki ɗaya. Zazzaɓin Rift, wanda ya ɓulla a Cintabaradan, jihar Tawa, a 2016, yana cikin masu bin sauro. A 2004 Hanada, Suzuki da Gojobori suka kwatanta ire-ire da yawa, suka kammala cewa babban dalilin bambancin shi ne yawan kwafi. Wanda ke bin iska yana hayayyafa ba hutu ya fi sauri, wanda ke laɓewa cikin jiki, kamar HTLV-1, ya fi jinkiri.

Akwai kuma shingen aiki. Ƙyanda tana kuskure kamar sauran, amma sassan da garkuwar jiki ke ganewa ba sa jure canji. Don haka allurarta, wadda aka soma a 1963, har yau tana aiki, ta mura kuwa ana sake duba ta kowace shekara.

5. Kammalawa

Wannan jayayya ta taɓa lissafin tarihi. A 2010 an ƙiyasta cewa ƙyanda ta rabu da bushiyar shanu a ƙarni na 11 ko 12. A 2020, da aka gyara lissafin saurin, sai rabuwar ta koma wajen ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa. Dalili shi ne saurin da aka auna a ƴan shekaru ya fi wanda ake gani a dogon zamani. Ɗalibin da ke son sa wa rabuwar Hausa da sauran harsunan Cadi shekara, ya kamata ya fara tambayar inda ya samo saurin da yake lissafi da shi, da kuma tsawon lokacin da aka auna shi a kai.