Otal ɗin Bristol da Wariyar Launin Fata a Legas

A shekarar 1947 wasu jami'ai biyu daga ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka da ke Landan suka iso Legas kan aikin gwamnati, aka nufi da su otal ɗin Bristol. Baturen cikinsu ya sami masauki. Abokin tafiyarsa, Ivor Cummings, wanda mahaifinsa likita ne ɗan Saliyo, mahaifiyarsa kuma 'yar Ingila, aka hana shi ɗaki. Muƙaminsa bai cece shi ba, domin fatarsa aka duba.

Mutanen Legas ba su yi mamaki ba, don sun daɗe da sanin wannan tsari. Tun 1898 Herbert Macaulay, ɗan ƙasa da ya karanto aikin injiniya a Ingila, ya ajiye aikin gwamnati, inda ake fifita Bature a kan ɗan ƙasa wajen albashi da girma. A 1902 kuma aka kafa rukunin likitocin gwamnati na Afirka ta Yamma, aka keɓe shi ga Turawa zalla. Ɗan ƙasa ko da a Edinburgh ya yi karatu, ƙasa da su yake zama.

Zaman gari ma haka aka raba shi. Dokar birane ta 1917, zamanin Gwamna Lugga, ta ƙarfafa keɓe wa Turawa unguwa, tare da barin fili mai faɗin yadi 440 tsakaninsu da 'yan ƙasa, ba gini a ciki. Hujjarsu ita ce sauro na kwaso zazzaɓi daga jikin baƙar fata. Amma kuku da boyi suna kwana a ɗakunan bayan gidan Bature, domin ba zai iya rabuwa da mai dafa masa abinci da mai goge masa takalmi ba. Ta haka unguwar Ikoyi a Legas ta zama ta Turawa, kamar yadda Nasarawa ta zama a Kano.

Hausawan Agege, da fataucin goro da layin dogo suka tara a zango, suna maƙwabtaka da wata shaida ta wannan tarihi, wato matatar ruwa ta Iju da aka buɗe a 1915. Tun 1908 jama'ar Legas suka yi zanga-zangar ƙin harajin ruwa, suna cewa Turawa ne za su fi morar famfon, talaka kuma ya biya.

Saboda haka da labarin Cummings ya bazu, gari ya ɗauki zafi. Jaridun 'yan kishin ƙasa suka yi ca, shugabannin jama'a suka tunkari Gwamna Arthur Richards. Ala tilas gwamnati ta haramta nuna wariya a otal-otal da wuraren jama'a, aka kuma sauya wa asibitin Turawa suna zuwa Creek Hospital.

An daina aiki da dokar keɓe wa Turawa unguwa, amma shatin da ta ja bai goge ba. Mai sayar da kaya a unguwar Mile 2 da ke kokawa da cunkoso da ambaliyar damina yana zaune ne a birnin da aka fara shimfiɗa wa kyawawan tituna da magudanan ruwa don amfanin tsiraru. Har yau Ikoyi na cikin unguwanni mafiya tsada a Najeriya.