Ninja Gaiden: Tarihin Wasan da Ba Ya Yafe wa Mai Ja da Baya

A ranar 9 ga watan Disamba na shekarar 1988, lokacin da na'urar wasan nan ta Famicom, ƙirar kamfanin Nintendo, ta riga ta shekara biyar tana cin zamaninta a gidajen mutanen Japan, wani kamfani mai suna Tecmo ya fitar da kaset na wani wasa da ya raɗa wa suna Ninja Ryukenden, wanda bayan ya ƙetare teku ya isa Amurka a watan Maris na 1989, duniya ta san shi da Ninja Gaiden. Mutanen Turai kuwa sai a 1991 ya iske su, da sunan Shadow Warriors, saboda a wancan zamani ana ƙyamar ambaton ninja a wasu ƙasashensu, musamman Birtaniya, cikin abin da za a miƙa wa yara. Yau an haura shekara talatin, amma duk inda ma'abota wannan fanni suka zauna suna bahasin wasannin da suka fi gasa musu aya a hannu, da wuya majalisar ta tashi ba a ambace shi ba.

Su ninja na haƙiƙa mutane ne na yankunan Iga da Koga a ƙasar Japan, waɗanda sarakunan yaƙi suke ɗauka aikin leƙen asiri da farmakin dare, ɗaya daga cikin sarakunan kuwa, Oda Nobunaga, ya murƙushe Iga a 1581. Sai dai ninjan da Tecmo ta sa a gaba na majigi ne, wanda finafinai irin su Enter the Ninja na 1981 da American Ninja na 1985 suka cusa a zukatan matasan Amurka. Shi ya sa Hideo Yoshizawa, wanda ya jagoranci aikin, ya ɗauko jaruminsa Ryu Hayabusa daga Japan ya sauke shi a titunan Amurka tun a babi na farko, yana ɗauke da takobin gidansu da wasiƙar mahaifinsa Ken, wanda ake zaton an kashe shi.

Abin da ya fara ɗaukar hankalin jama'a shi ne yadda aka ba da labarin. Da an kunna na'ura, kafin mai wasa ya taɓa komai, sai ga mutum biyu sun fuskanci juna a wani fili cikin farin wata. A nuna ƙafafunsu suna gudu, a nuna idanunsu, su daka tsalle su gamu a sama, takubba su haɗu, sannan ɗaya ya faɗi. Irin waɗannan hotuna, da Masato Kato ya zana, kamfanin kuma ya kira su Tecmo Theater, su ne suke raba babi da babi, da kiɗan Keiji Yamagishi da abokan aikinsa a ƙarƙashinsu. A cikinsu ne ake saduwa da Irene Lew da ubangidanta Foster na hukumar leƙen asirin Amurka, da masanin kufai Walter Smith, da gumaka biyu da aka ɗaure ƙarfin wani ifiritu a cikinsu, da mugun nan Jaquio mai neman kwance shi a wani haikali cikin dajin Amazon. Ina ganin a nan hikimar masu aikin ta fi bayyana, domin da yake kowane yanki na ƙissar ba ya samuwa sai an biya shi da wahala, ɗokin sanin abin da zai biyo baya ya zama shi ne igiyar da take jan yaro ya koma fagen da aka kashe shi sau da yawa.

Wahalar kuwa tana da asali guda uku, kuma wanda ya fahimce su ya fahimci wasan. Na farko, duk abin da ya taɓa Ryu, kome ƙanƙantarsa, sai ya wurga shi baya, alhali galibin wuraren da ake tsayawa ƴan tudu ne da rami a kowane gefe, ta yadda mutum zai mutu ransa cike, don kawai jemage ya goge shi yana tsakiyar tsalle. Na biyu, abokan gaba ba su ƙarewa: kowannensu yana da gurbi a gefen allo, idan ka sare shi ka ja da baya taki ɗaya sannan ka dawo, sai ya sake ɓullowa, har ma akwai inda tsayuwa kawai take sa su yi ta fitowa ba iyaka. Na uku shi ne agogon da yake ƙirga daƙiƙoƙi a saman allo, wanda ba ya barin kowa ya tsaya dogon tunani. A kan waɗannan duka sai aka ɗora shaho. Wannan tsuntsu, wanda duk wanda ya riƙa madannan wasan yake tunawa da shi da ɓacin rai, yakan taho da gudu ya wuce, ya yi kwana ya dawo, ƙasa ko sama gwargwadon inda kake, kuma bugunsa ya fi na yawancin mayaƙa cin rai. Ka ga mutum a kan ɗan dutsen da bai wuce faɗin ƙafarsa ba, mai bindiga yana jiransa a tsallake, shaho ya taso ta baya, kuma tilas ya yanke shawara kafin ƙiftawar ido.

Daga nan ne nasihohin da tsofaffin hannu suka yi ittifaƙi a kansu suka samo tushe. Babbarsu ita ce kada a ja da baya, kada kuma a yi shakka a bakin rami, domin wanda ya ci gaba yakan bar shaho a bayansa, wanda ya tsaya kuwa yakan tara biyu. Sara ɗaya yake kashe ƙananan abokan gaba, saboda haka dabarar tana ga lokacin sara, kuma sau da yawa durƙusawa a jira tsuntsu ya kawo kansa ga takobi ya fi binsa da tsalle. Ryu yana maƙale wa bango amma ba ya hawa sai inda akwai tsani, don haka wajibi ne yatsu su saba da tsalle daga bango zuwa bango. Sannan akwai mas'alar fitilu da sauran abubuwan da aka rataye a hanya, waɗanda makamai suke ciki, kamar yadda wasan Castlevania na kamfanin Konami ya yi da kyandirori a 1986: ba kowace fitila ake fasawa ba, domin sabon makami yana kore tsohon, kuma wanda ya sami saran nan na juyi a sama, wanda yake gamawa da manyan abokan gaba nan take, sannan ya musanya shi da ƙaramin tauraron jifa, ya yi hasara babba. Tunda komai yana fitowa a wuri ɗaya kuma a lokaci ɗaya, wasan hadda ne, kamar ta almajiri da allonsa, ana maimaitawa har hannu ya riga tunani.

Inda nake da ja da masu wasan shi ne babi na shida. A ƙarshensa ana fuskantar abokan gaba uku a jere: mahaifin Ryu da aka juyar masa da hankali, wanda ba a saransa sai dai a fasa abin da yake sarrafa shi, sai Jaquio, sai ifiritun da ya farka da husufin wata. Wanda ya faɗi a gaban ɗayansu, maimakon a mayar da shi ƙofar ɗakin, sai a jefa shi can farkon babin, ya sake ratsa matakai uku mafiya tsanani. An ruwaito daga masu aikin cewa kuskure ne da aka gano aka kuma bar shi da gangan. Gaskiya ne wanda aka kashe a cikin ukun ba ya dawowa, kuma damar ci gaba ba ta da iyaka, amma duk da haka wannan hukunci ya zarce laifin, ya kuma raba mutane da yawa da ganin ƙarshen ƙissar da suka sha wuya dominta.

Tsananin irin waɗannan wasanni yana da sababi a kasuwar zamanin. Kaset ƙarami ne, kuɗinsa da yawa, wanda ya ƙware kuwa zai iya gama shi cikin ƙasa da sa'a guda, saboda haka wahala ce take tsawaita rayuwarsa. Bugu da ƙari, a wancan lokaci Amurka tana da shagunan hayar kaset, abin da dokar Japan ta toshe tun 1984, kuma bayan kashi na biyu na Ninja Gaiden da ya fito a 1990, na uku na 1991 ya isa Amurka da tsananin da ya fi na Japan, har aka taƙaita damar ci gaba. Waɗanda suka riski wasan a garuruwanmu, ta hanyar kwaikwayon Famicom da ƴan kasuwa suke shigowa da su daga Asiya, sun san wata jarrabawar ta daban, domin kaset ɗin ba ya ajiye inda aka tsaya, kuma ɗauke wuta sau ɗaya ya isa ya shafe aikin yini, yara su koma titin babi na farko suna karɓa-karɓa da madannai.

Sunan ya sake tashi a 2004, lokacin da Tomonobu Itagaki da Team Ninja suka fitar da sabon Ninja Gaiden a kan na'urar Xbox, shi ma da tsananinsa. Na asalin yana cikin wasanni 30 na NES Classic Edition ta 2016, ya kuma shiga Nintendo Switch Online a Disambar 2018, inda ake iya ajiye wasa a kowane wuri. Mai karatu da ya same shi a can, ina roƙonsa ya bi babi biyar na farko ba tare da wannan rangwame ba, ya tanade shi domin na shida.